Yadda Ake Zaɓar Taswirar Intanet da Hoton Sama da Ya Dace da Aikinka

Idan ka buɗe Google Maps da Bing da taswirar kamfanin Esri a kan unguwa ɗaya, kana iya ganin hotuna uku da ba su yi kama da juna ba. A ɗaya akwai sabon gini, a ɗaya fili ne fayau, a na uku gajimare ya rufe rabin wurin. Dalili shi ne waɗannan kamfanoni ba su ke ɗaukar yawancin hotunan da suke nunawa ba. Sayowa suke yi daga masu taurarin ɗan'adam irin su Vantor (wanda a da ake kira Maxar) da Airbus, da kamfanonin da ke shawagi da jirage, da hukumomin safiyo na ƙasashe, sannan su ɗinke su wuri ɗaya kamar rigar faci, kowane yanki da ranarsa da kaifinsa. Wanda ya yi fice a wannan gari yana iya zama na ƙarshe a gari na gaba. Don haka tambayar "wanne ya fi?" ba ta da amsa sai an ce a ina, kuma don wane aiki. Abin da ke biye hanya ce ta gwada su a kan wurin da ya dame ka kafin ka dogara da ɗaya.

Fara da rubuta aikin a jimla ɗaya

Taswira daban, hoton sama daban, ko da yake maɓalli ɗaya ne ke raba su a manhaja. Taswira zane ce da mutane ko na'ura suka yi: tituna, sunaye, iyakoki, asibitoci, da bayanin wane titi ake bi ta hannu ɗaya. Hoton sama kuwa abin da kyamara ta gani ne a wata rana, bai san sunan komai ba. Kamfani ɗaya yana iya samun hoto mai kyau na wani ƙauye amma taswirarsa ba ta da ko titi ɗaya a wurin, haka ma akasin hakan.

Ka rubuta abin da kake so: "in kai kaya wani gari da mota", ko "in ƙirga gidajen da ke cikin wannan unguwa", ko "in ga yadda amfanin gona ke tasowa kowane mako", ko "in sa taswira a rahoton da za a buga". Daga jimlar nan amsoshin tambayoyi huɗu za su fito: mene ne mafi ƙanƙantar abin da dole ka gani, yaya sabuntar hoton take da muhimmanci, kuskuren mita nawa za ka iya jurewa, kuma me za ka yi da abin bayan ka gama kallo. Tambaya ta huɗu ce aka fi mantawa da ita, ita ce kuma ke jawo rigimar lasisi daga baya.

Girman ɗigo: lissafin da ke yanke rabin hukunci

Kowane hoto tarin ƙananan ɗigo ne, fiksel ke nan. A hoton sama abin tambaya shi ne ɗigo ɗaya faɗin ƙasa nawa yake ɗauka. Landsat na Amurka, wanda jerinsa ya fara tun 1972, ɗigonsa mita 30 ne a hotuna masu launi. Sentinel-2 na shirin Copernicus na Tarayyar Turai mita 10 ne. Ƙananan taurarin kamfanin Planet kusan mita 3. SPOT 6 na Airbus mita 1.5, Pléiades santimita 50, WorldView-3 da Pléiades Neo kusan santimita 30. Hoton da aka ɗauka daga jirgin sama mai matuƙi yakan faɗo tsakanin santimita 5 zuwa 15, na jirgi mara matuƙi kuma santimita 2 zuwa 5.

Ga yadda ake amfani da waɗannan alƙaluma. Ɗauki mota mai tsawon mita 4.5 da faɗin mita 1.8. A hoto mai santimita 30 za ta ci ɗigo 15 a tsaye da 6 a kwance, za ka gane mota ce, har ka rarrabe ta da babbar mota. A hoto mai mita 3 ɗigo ɗaya da rabi ce kawai, ɗan tabo. A Sentinel-2 ba ta nan sam, domin ɗigo ɗaya murabba'in mita 100 ne. Amma gona mai hekta ɗaya tana cin ɗigo 100 a Sentinel-2, abin da ya isa a ga ko ta yi kore ko ta bushe. Ƙa'idar da za ka riƙe: raba faɗin abin da kake nema gida biyar, abin da ya fito shi ne ɗigon da kake buƙata ko ƙasa da shi. Ɗaki mai faɗin mita 3 yana buƙatar santimita 60. Katanga ko magudanar ruwa mai faɗin rabin mita tana buƙatar santimita 10, wato aikin jirgi ne, ba na tauraro ba.

Kada jawo hoto kusa ya ruɗe ka. Taswirorin intanet an yanka su ne murabba'i-murabba'i, galibi ɗigo 256 a kowane gefe, a matakai masu lamba. A kan layin ikwaita mataki na 17 kusan mita 1.2 ne ga ɗigo, na 18 santimita 60, na 19 santimita 30. Idan asalin hoton santimita 50 ne, manhajar za ta bar ka ka wuce mataki na 19 har na 20, amma buɗa ɗigon kawai take yi, ba a ƙara komai ba. Alamar haka ita ce gefunan rufin gidaje su yi laushi kamar an shafa su. Daga inda hakan ya fara, ka kai iyakar abin da hoton ya sani.

Nemo ranar da aka ɗauki hoton

Shekarar da ke rubuce a ƙasan allo kusa da alamar haƙƙin mallaka ba ranar ɗaukar hoto ba ce, shekarar lasisi ce. Hoto mai shekara huɗu yana iya ɗauke da shekarar bana. Wannan rubutun dai yana da amfani ta wani gefen, domin yana faɗin wanda ya kawo hoton. In ka ga Landsat ko Copernicus kaɗai a wurin bayan ka matso kusa, to babu hoto mai kaifi a wannan yanki.

Ranar gaskiya ana samunta ta hanyoyi uku. Na farko Google Earth Pro na kwamfuta, wanda ya zama kyauta tun 2015: ka matso kusa da wurin, ka duba layin ƙasan allo, ranar tana nan. Ka motsa linzami zuwa wani gefe, za ka ga ranar tana sauyawa idan ka tsallaka ɗinki. Alamar agogo da ke sama tana buɗe tsofaffin hotuna, ka ja ta baya ka ga wurin a shekarun da suka wuce. Wani lokaci hoton da ya fi sabunta yana cikin wannan jeri, ba shi aka sa a fuska ba saboda yana da hazo ko gajimare, don haka ka ja ta har ƙarshen dama.

Na biyu shafin Wayback na Esri, wanda ke ajiye da kowane bugu na hotunansu tun 2014. A nan akwai tarko: ranakun da ke jere a gefe ranakun fitar da bugu ne. Sai ka danna kan taswirar kanta sannan akwati zai fito da ranar ɗauka, da tauraron da ya ɗauka, da girman ɗigo.

Na uku editan burauza mai suna iD na OpenStreetMap, taswirar duniya da 'yan sa-kai ke zanawa. Da asusun kyauta za ka iya sauya hoton bango tsakanin Bing da Esri da Mapbox da wasu a wuri ɗaya, kuma danna Ctrl da Shift da B tare yana buɗe ɗan akwatin da ke nuna shekarun hoton idan mai shi ya bayar. Wannan ita ce hanya mafi sauri ta kwatanta masu hoto da yawa ba tare da buɗe shafuka biyar ba.

In duk waɗannan ba su ba da rana ba, ka nemi shaida a cikin hoton: ginin da ka san shekarar da aka yi shi, gadar da aka buɗe, titin da aka shimfiɗa wa kwalta. Ka kuma lura da lokacin shekara. Hoton damina yana ɓoye ƙananan hanyoyi da rufin gidaje a ƙarƙashin ganye, hoton rani yana nuna su amma yana ɓoye inda ruwa ke kwanciya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nuna abin da ke faruwa yanzu-yanzu. Taurarin ɗaukar hoto suna wucewa ne su ɗauka su tafi, yawancinsu da hantsi, tsakanin ƙarfe 10 da 11 na agogon wurin.

Gwajin gefe da gefe

Zaɓi wurare uku a cikin yankin aikinka: ɗaya a tsakiyar gari, ɗaya a bakin gari inda ake sababbin gine-gine, ɗaya a karkara. Kada ka nemo su da suna, domin kowace manhaja tana iya kai ka wuri daban. Yi amfani da lambobin latitud da longitud. A Google Maps na kwamfuta danna maɓallin dama na linzami yana nuna su a saman jeri, danna su kuma yana kwafe su. A waya sai ka danne wurin na ɗan lokaci. Liƙa lambobin nan a akwatin bincike na kowace manhaja.

Abubuwa uku ke ɓata wannan mataki. Latitud ke fara zuwa sannan longitud a akwatin bincike, amma fayilolin ajiye bayanan taswira irin su GeoJSON da KML longitud suke farawa da shi, in aka juya su sai wurin ya faɗa teku ko wata nahiya. Kudu da ikwaita da yamma da layin Greenwich suna ɗaukar alamar ragi, in ta faɗi wurin kwafi an tafi wani ɓangaren duniya. Sannan yawan lambobin bayan ɗigon da ke cikin lambar latitud ko longitud: digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, ke nan lamba huɗu bayan ɗigo suna ba da kusan mita 11, biyar kusan mita ɗaya. Biyar sun isa kusan kowane aiki, kuma waya ba ta san abin da ya wuce haka ba ko da ta rubuta goma.

A kowane wuri ka rubuta ranar hoto, da matakin da ya fara laushi, da ko akwai gajimare ko inuwa mai kauri, da ko titunan taswira sun hau kan titunan hoto. Aikin rabin awa ne, kuma sau da yawa sakamakon shi ne manhaja biyu za ka riƙe, ɗaya don gari ɗaya don karkara.

Gocewa, da abin da ake iya aunawa

Hoto yana iya yin kaifi har ka ga layin fenti a titi, amma dukkansa ya goce mita 5 ko 10 daga inda ya kamata ya zauna. Kaifi da daidaiton wuri abubuwa biyu ne da ba su da alaƙa. Tauraro ba kullum yake kallon ƙasa kai tsaye ba, yakan karkata kyamararsa gefe don ya kama wurin da aka ba shi oda. Daga baya sai a gyara hoton da bayanin tudu da kwari na ƙasa, in wannan bayani bai yi kyau ba sai gocewar ta yi yawa, musamman a kan duwatsu da gangara.

Karkatar nan ita ke sa dogayen gine-gine su yi kamar sun jingina. Gini mai tsawon mita 20 da aka ɗauka da karkatar digiri 25, rufinsa zai bayyana kusan mita 9 daga gindinsa. Saboda haka mai zana gine-gine yakan zana siffar rufin, sannan ya ja zanen zuwa inda bango ya taɓa ƙasa. Wanda ya bar shi a kan rufin ya sa ginin a tsakiyar titi.

Don gane gocewa, je wurin da ake gani sarai daga sama kuma yana daidai da ƙasa, kamar tsakiyar mahaɗar tituna ko kusurwar filin wasa. Ka tsaya a sarari, nesa da dogayen gine-gine da bishiyoyi, ka bar wayar ta zauna minti biyu ko uku, ka rubuta lambobin. Wayar hannu a sarari tana kuskuren kusan mita 5, don haka karatu ɗaya ba hujja ba ne. Maimaita a wurare huɗu ko biyar, in da hali a ranaku daban. Idan duk karatun sun faɗi gefe ɗaya, misali duk arewa da hoton da kusan mita 8, to hoton ne ya goce. Idan sun warwatse ko'ina, kuskuren waya ne kawai.

Wajen auna faɗin fili, girman filin ne ke nuna ko za a yarda da sakamakon. Fuloti mai mita 20 da 30 murabba'in mita 600 ne. In hannunka ya fita da mita ɗaya a kowane gefe, ya koma 22 da 32, wato 704, kuskuren kashi 17 cikin ɗari. Wannan mita ɗayan a gona mai hekta 10 bai wuce kashi ɗaya da ɗan abu ba. Ke nan hoton sama ya isa ƙiyasin babbar gona, bai isa ƙaramin fuloti ba. Iyakar da za a rubuta a takardar mallaka ko a kai gaban kotu kuwa aikin mai safiyo ne mai lasisi, hoton intanet ba ya maye gurbinsa ko ya kai kaifin me.

Akwai wani kuskuren da ke kama masu amfani da QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, da makamantanta. Kusan duk taswirorin intanet suna kan wata hanyar shimfiɗa duniya a allo da ake kira Web Mercator, mai lamba EPSG:3857, wadda ke kumbura ƙasa gwargwadon nisanta daga ikwaita. A latitud 10 faɗin fili yana ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin ɗari, a latitud 30 da kashi ɗaya bisa uku, a latitud 60 ya ninka huɗu. Ma'aunin da ke cikin Google Earth da Google Maps yana gyara wannan da kansa. Amma in ka zana fili a QGIS a kan wannan shimfiɗa ka lissafa faɗinsa kai tsaye, ka samu lambar da ta kumbura. Mafita ita ce ka mayar da zanen kan shiyyar UTM ta wurin, wata shimfiɗa ce da ta raba duniya shiyya 60 kowace mai faɗin digiri 6, ko ka saita ma'aunin ya bi lanƙwasar duniya.

Ƙasar Sin tana da nata batun: doka ta sa taswirorin cikinta su bi wani tsarin lambobi da ke gocewa da ɗaruruwan mita daga na GPS, shi ya sa a wasu manhajojin waje tituna ba sa hawa kan hoto. Mai zuwa can ya nemi Amap ko Baidu, kamar yadda mai zuwa Koriya ta Kudu zai fi samun biyan buƙata da Naver ko Kakao.

Lasisi: kallo kyauta ne, ɗauka ba kullum ba

Sharuɗɗan Google sun hana a bi kan hotonsu ana zana tituna ko gine-gine don gina wata taswira, sun kuma hana sauke hotunan da yawa a ajiye. An yarda a sa hoton allo a rahoto ko darasi muddin an bar sunan Google da na mai hoton a jiki, don haka kada ka yanke layin ƙasan nan don hoton ya yi kyau. Abin da za a sayar ko a yi talla da shi yana da nasa sharuɗɗa, a karanta su kafin a kai wurin bugu.

OpenStreetMap, wanda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, bayanansa suna ƙarƙashin lasisin ODbL tun 2012. Kana iya saukewa, ka gyara, ka buga, har ka sayar, da sharaɗin ka ambaci masu ba da gudummawar OpenStreetMap, kuma in ka haɗa bayanan da naka ka fitar da sabon rumbu ga jama'a, ka sake shi da irin wannan lasisi. Ba shi da hoton sama nasa. Microsoft ta ba da izinin zane a kan hotunan Bing tun 2010, Esri ma ta bayar, amma izinin na zana wa OpenStreetMap ne, ba na kowane aiki ba. Kada kuma ka sa manhaja ta riƙa zuƙo dubban murabba'an taswira daga babban shafinsu, za a toshe ka. Mai son bayanan ƙasa guda ya sauke fayil ɗinta daga shafin Geofabrik, inda ake sabuntawa kullum.

Landsat kyauta ne tun 2008 ba tare da wani takunkumi ba. Sentinel ma kyauta ne har ga 'yan kasuwa, a dai ambaci Copernicus da shekarar bayanan.

In aikin na tafiya ne

A nan hoto ba shi da muhimmanci sosai, ingancin taswira ne abin dubawa. Gwada hanyoyi biyu da ka sani da kyau, ka ga ko manhajar ta san titin da aka rufe, da wanda ba shi da kwalta, da gadar da mota ba ta bi. Google Maps da Waze sun fi ƙarfi wajen cunkoso da wuraren kasuwanci, domin suna tattara motsin wayoyin masu amfani da su. Inda masu amfani suka yi kaɗan, launin cunkoson ba abin dogaro ba ne. Manhajojin da ke kan OpenStreetMap, irin su OsmAnd da Organic Maps, sau da yawa sun fi sanin hanyoyin ƙafa da na daji, amma fa inda 'yan sa-kai suka zana. Inda ba su zana ba, allo fari za ka gani.

Kafin shiga inda babu sabis, sauke taswirar tun kana da intanet mai ƙarfi. A Google Maps ana zaɓar yanki mai kusurwa huɗu a sauke, sai dai abin da aka sauke jagoran mota kawai yake bayarwa, babu na ƙafa ko keke, babu hoton sama. OsmAnd da Organic Maps da HERE WeGo suna sauke jiha ko ƙasa sukutum. Bayan saukewa ka sa wayar a yanayin jirgi, ka nemi wani wuri, ka ce ta ja maka hanya. In ta yi, ka shirya. GPS ba ya cin data, amma idan babu sabis yakan ɗauki 'yan mintuna kafin ya kama wuri a karon farko, kada a ɗauka ya lalace.

In sauyi kake bi, ba kaifi ba

Mai lura da gona, ko ambaliya, ko sare daji, ko cikar madatsar ruwa, hoto mai kaifi na shekara biyu da suka wuce bai amfane shi da komai ba. Sentinel-2 yana dawowa wuri ɗaya duk kwana biyar, Landsat 8 da 9 tare duk kwana takwas. Buɗe shafin Copernicus Browser, ka yi asusun kyauta, ka je wurin, ka zaɓi Sentinel-2 matakin L2A, wanda aka riga aka cire masa tasirin iska da hazo gwargwadon hali. Saita iyakar gajimare zuwa kashi 20 ko 30, kalandar za ta nuna ranakun da suka cika sharaɗin.

Kason gajimaren na dukan faifan hoton ne, mai faɗin kusan kilomita 110 a kowane gefe. Faifai mai kashi 60 yana iya zama garau a kan gonarka, mai kashi 5 kuma gajimarensa ɗaya tilo ya zauna daidai kanta. In ranaku sun yi ƙaranci, ɗaga iyakar ka duba da ido.

Bayan launin gaskiya akwai zaɓin NDVI, wanda ke kwatanta jan haske da hasken da ke dab da ja wanda ido ba ya gani, zango na 4 da na 8 a Sentinel-2. Ganye mai lafiya yana shanye na farko ya mayar da na biyu, sai lambar ta hau. Ƙasa tsirara tana kusa da sifili, ruwa ƙasa da sifili. NDVI bai san shuka da ciyawa ba, gonar da ciyawa ta cinye ma kore shar take fitowa. Yana nuna maka inda za ka je ka duba ne kawai. Kada ka sauke dukan faifan sai da dalili, yana kai kusan gigabait ɗaya. Zana iyakar wurinka ka sauke shi kaɗai. Lokacin ambaliya, da gajimare ke rufe sama kwana da kwanaki, koma Sentinel-1 mai aiki da rada, wanda ke ratsa gajimare dare da rana. Ruwa mai kwanciya yana fitowa baƙi a cikinsa, sai dai filin jirgi da busasshen yashi mai santsi ma haka suke fitowa, don haka a kwatanta da hoton kafin ambaliyar.

In na kyauta bai isa ba

Sayen hoton tauraro iri biyu ne: na cikin rumbu wanda aka riga aka ɗauka, da na oda wanda za a juya tauraro ya ɗauko maka. Na rumbu ya fi sauƙi kuma yana zuwa da wuri, da shi ake fara bincike. Ana sayarwa da murabba'in kilomita, kuma dillalai suna da mafi ƙarancin faɗin da suke karɓa, wanda na oda ya fi girma. Aika musu iyakar wurin a fayil ɗin KML, ka rubuta sharuɗɗanka: girman ɗigo, tsakanin wace rana da wace rana, gajimare kada ya wuce kashi 10 ko 15 a kan wurinka, karkata kada ta wuce digiri 20 idan akwai dogayen gine-gine ko tsaunuka. Ka nemi hoton da aka gyara da tudu da kwari, a fayil ɗin GeoTIFF, wato hoto mai ɗauke da lambobin wurinsa, kuma ka ga samfurinsa kafin biya. Ka tambayi mutum nawa lasisin ya yarda su yi amfani da shi, da ko ya yarda a wallafa a intanet. Wasu dillalai suna tallan santimita 15 alhali hoton santimita 30 ne aka ƙara masa kaifi da kwamfuta; tambayi ɗigon asali.

Wurin da bai wuce 'yan ɗaruruwan hekta ba, jirgi mara matuƙi ya fi dacewa. Kyamara mai megafiksel 20 a tsayin mita 100 tana ba da kusan santimita 3. Ƙasashe da yawa sun ƙayyade tsayin tashi a mita 120, suna kuma neman rajista ko izini, tare da hana tashi kusa da filin jirgi da wuraren tsaro, don haka a fara da hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar. Hotunan su hau kan juna da kashi 75 zuwa 80 a gaba, 65 zuwa 70 a gefe, in ba haka ba manhajar ɗinki irin su WebODM ko Pix4D za ta bar ramuka. A tashi kusa da tsakar rana don inuwa ta gajarta, a guji iska mai ƙarfi. Ruwa da gona mai shuka iri ɗaya suna wahalar ɗinkuwa saboda babu abin da manhajar za ta kama ta gane hoto da maƙwabcinsa. A irin wurin a ƙara tsayi da yawan hawa kan juna. GPS na jirgin shi kaɗai yana iya gocewa da mita biyu ko uku, saboda haka in ana son daidaito a shimfiɗa alamomi aƙalla biyar a ƙasa, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, a auna su da na'urar safiyo, a ware wasu biyu da ba za a ba manhajar ba don a gwada sakamakon da su.

Ka tanadi wurin ajiya tun kafin a tashi. Murabba'in kilomita ɗaya a santimita 30 kusan ɗigo miliyan 11 ne, megabait 33 in ba a matse ba. A santimita 5 ɗigo miliyan 400 ne, gigabait 1.2, ban da ɗaruruwan ɗanyun hotunan da aka ɗinka shi da su, waɗanda ya kamata a ajiye domin in an sami kuskure a alamomin ƙasa da su za a sake ɗinkin.